Baƙin da Ke Jikin Fitilar Yafet

Shekara talatin da huɗu Baba Yafet ya yi yana aikin fitila a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kuma a tsawon wannan lokaci rana ba ta taɓa fitowa ta sami baƙin hayaƙi a gilashinsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san tashar a zamanin da jirgin Fatakwal da na Jos da na Kaduna ke haɗuwa a cikinta. A wancan lokaci direba ba mutum yake hange ba, fitila yake hange, saboda haka darajar mai fitila tana jikin gilashinsa. Da ya ajiye aiki, aka bar masa fitilarsa ta hannu, mai jikin ƙarfe da gilashi mai kauri kamar gindin kwalba. Jiragen sun yi ƙaranci, ciyawa ta tashi a tsakanin layuka, amma kowace safiya Yafet yakan sauko da fitilar daga ƙusa ya goge ta, kamar yadda marigayi Kaleb, wanda ya koya masa aikin, ya riƙa yi tun kafin a haife shi.

A daminar da matarsa Miriyam ta cika shekara goma da rasuwa, aka sa ranar Lahadi ta ƙarshen wata don yin sujadar godiya a cocinsu. Sai aka nemi hoton ƙuruciyarta aka rasa, domin a lokacin da take budurwa babu wanda ya damu ya ɗauki hoton yarinyar da ke ɗauko itace da citta daga gindin dutsen Kagoro zuwa tasha. 'Yarsu Emilia, wadda malamar zane ce a wata sakandare, ta ce in babu hoto, ita za ta yi. Ba kuma na bango ba, wanda yake tafiya.

Ta kwashe ɗakin ajiya na bayan gida, ta kafa tebur, ta gina tashar a kansa da kwali da yumɓu, har da layin dogo na tsinken kwakwa. Ta yi 'yan mutum-mutumi bakwai, kowane bai fi tsawon yatsa ba: kai na yumɓu, jiki na siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, tufafi na ƙyalle. Shida mata ne ɗauke da kaya, ta gabansu tana ɗaure da guntun tsohon zanen Miriyam. Na bakwai namiji ne, yana tsaye a bakin layi. Yadda aikin yake shi ne, a ɗaure wayar hannu a kan maƙali don kada ta motsa, a ɗauki hoto, a gusa ƙafar mutum-mutumi kaɗan, a sake ɗauka. In an jera hotuna sha biyu a daƙiƙa ɗaya, ido zai ga mutum yana tafiya. Labarin daƙiƙa arba'in ne kacal: mata su fito daga hazon safiya, su nufi hasken fitila, ta gabansu ta iso ta ɗaga kai. Haka Yafet ya fara ganin Miriyam, kuma babu wanda ya taɓa zama a gidan bai ji labarin ba.

Hazon ne ya fara ba ta wahala. Hazon damina da ke saukowa daga dutse ya kwanta a kan gonaki, ba abu ne da ake kamawa a ɗaki ba. Ta gwada hayaƙin garwashi da ɗanyen ganye, amma tsakanin hoto da hoto hayaƙin ya riga ya sake wuri, da aka jera hotunan sai ya riƙa zabura kamar an tsokane shi. A nan ta gane cewa duk abin da ke motsi da kansa ba shi da amfani a wannan aiki. Dole komai ya tsaya cik har sai ita ta motsa shi. Sai ta yanka tsohon gidan sauro gida uku, ta ɗame kowane a jikin katako, ta jera su tsakanin waya da tasha, ta tsefe audugar rimi har ta zama kamar numfashi ta manna a kai. Bayan kowane hoto takan tura audugar da tsinken tsintsiya, gwargwadon ƙwayar shinkafa.

Haske ma haka ya yi mata. Rana tana tafiya, don haka ta toshe taga da buhunan citta da bargo. Wutar lantarki tana hawa tana sauka, don haka ta ɗauko batirin sola da ɗan ƙwan lantarki guda. Amma hasken ƙwan fari ne fat, ya mai da tashar kamar ɗakin tiyata. A ranar Yafet ya tafi Godogodo zaman makokin wani abokin aikinsa. Emilia ta sauko da fitilarsa daga ƙusa, ta fita waje, ta kunna, ta ɗaga lagwani fiye da kima har gilashin ya yi baƙi. Sannan ta zare lagwanin, ta sa ƙwan a ciki, ta ɗora fitilar a kan kifaffen turmi a gefen tebur. Hasken ya fito ja-ja, a raunane, ya ratsa audugar kamar asubar gaske. Ranar Asabar, da Litinin, da Talata, ta ɗauki hotuna ɗari uku da goma. Saura ɗari da saba'in, kuma a cikinsu ne ta gaban za ta iso ga fitila.

Ta yi wa mahaifinta waya ta ce, in ya dawo, don Allah kada ya taɓa komai a kan teburin nan. Yafet mutum ne mai bin umarni in an faɗe shi a fili. Ya dawo yammacin Talata, ya kwana, da gari ya waye ya nemi fitilarsa a ƙusa bai gani ba. Ya same ta a ɗakin ajiya, a kan turmi, gilashinta baƙi ƙirin kamar na mai shayin da ya gaji da sana'a. Ya tsaya ya dubi tebur, ya dubi turmi, ya tabbatar wa kansa cewa turmi ba tebur ba ne. Ya buɗe 'yar ƙofar fitilar, ya zare gilashin ba tare da ya gusa ta ko faɗin gashi ba, ya fita da shi haske, ya goge, ya mayar.

Ƙarfe bakwai Mama Tamar ta shigo da kunu a kwarya. Ita ce ƙanwar Miriyam, tare suka riƙa ɗaukar kaya zuwa tasha, kuma a duk garin ita kaɗai ke iya yi wa Yafet magana yadda ta ga dama.

"Oga Mai Fitila, an dawo?" in ji ta. "Mutanen Godogodo sun ba ka nama kuwa, ko wa'azin jirgin ƙasa ka yi musu har tuwo ya huce?"

"Sun karɓe ni da mutunci, Tamar. Wasu garuruwan har yanzu sun san manya."

Kafin ta ba shi amsa, muryar Emilia ta fito daga ɗakin ajiya. Ba ihu ta yi ba, kuma da ihun ne da ya fi sauƙi.

"Baba, wa ya shiga ɗakin nan?"

Suka shiga. Ta riga ta haɗa batir. Tashar ta yi fari tas. Ana ganin ramukan gidan sauro ɗaya bayan ɗaya, auduga ta koma auduga, ƙarfen da ke wuyan matan yana ƙyalli.

"Ni ne," in ji Yafet. "Kin ce tebur. Ban taɓa tebur ba. Fitilata na samu a halin da ban taɓa barinta ba, na gyara."

"Baba, da gangan na yi mata baƙin nan. Shi ne asubar."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Ta nuna masa waya. A gefe ɗaya hoton ƙarshe na jiya, mata shida a cikin hazo, haske ja yana lasar kayan da ke kansu. A ɗaya gefen abin da waya ke gani yanzu. In ta ci gaba a haka, in ji ta, a tsakiyar tafiya asuba za ta zama tsakar rana cikin ƙiftawar ido. In kuma ta ce ta sake daga farko, kwana biyar take bukata, ga shi yau Laraba, kuma Asabar ta sa murya ce da waƙar 'yan zumuntar matan coci. Alhamis da Juma'a na hotunan da suka rage ne. Yau kaɗai ke gare ta. In hasken bai dawo yadda yake ba kafin yamma, fim ɗin zai ƙare mahaifiyarta tana cikin hazo, ba ta iso ba.

"Ka ji ko?" in ji Tamar. "Shekara hamsin da suka wuce ka tsaya kamar gunki ka bar yarinya da kaya a kai, yau kuma ka hana ta isowa gaba ɗaya."

Yafet ya juya. Ya fita ya zauna a kan benci a ƙarƙashin rumfa.

Emilia ta zagaye gindin fitilar da alli a kan turmi, don ta san inda za ta mayar da ita, ta fito da ita tsakar gida. Ta mayar da lagwani, ta kunna, ta ɗaga. Karo na farko gilashin ya yi baƙi har haske ya kasa fita. Ta goge, ta sake. Karo na biyu ya yi shara-shara, tashar ta fito kamar ƙarfe tara na safe. Karo na uku baƙin ya taru a gefe guda, inuwar matan ta faɗi inda ba ta faɗi jiya ba. Kowane gwaji sai an jira gilashi ya huce, a zare lagwani, a sa ƙwai, a rufe ƙofa, a duba. Kafin azahar ruwa ya tsuge, ta koma yi a bakin kicin, hannuwanta sun yi baƙi har gwiwa. Ranar da ta yi na farkon ba ta duba agogo ba, ba ta kuma lura da tsawon lagwani ba. Sa'a ce ta ba ta, kuma sa'ar ta ƙi dawowa.

Duk wannan Yafet yana kallo. Da ta ɗauki ashana karo na biyar, ya miƙe.

"Emilia, ajiye. Kina ɓata kananzir."

"Baba, ka bar ni kawai."

"Na ce ki ajiye. Baƙin naki na jiya ya fi kauri a sama, faɗin babban yatsa. Daga nan ya sauko yana raguwa, ya fi nauyi ta hagu, domin lagwanin da kika kunna kusurwarsa ta hagu ta fi tsawo. Ta dama kuwa launin shayi ne da bai ji madara ba. Irin wannan baƙi, minti huɗu ne zuwa biyar, ƙofa a rufe."

Emilia ta dube shi, ashana a hannu.

"Yaya aka yi ka sani?"

"Ba a goge gilashi sai an karanta shi. Ranar farko da na kama aiki Kaleb ya faɗa mini haka, shi ma haka aka faɗa masa. Ka ɗaga shi sama, ka duba tsawon numfashi uku, domin baƙin shi ke gaya maka laifin lagwani. Wanda ya goge bai duba ba, gobe ma baƙi zai samu. Yau da safe na duba."

"To, Oga," in ji Tamar daga ƙofar kicin, "tunda ka iya karatu, sai mu ga ko ka iya rubutu."

Ya aika aka ɗauko masa almakashinsa na yankan lagwani, wanda ke naɗe a ƙyalle a cikin akwati. Ya zauna, ya ɗora fitilar tsakanin gwiwoyinsa. Tun da ya fara riƙe almakashin nan bai taɓa yanka lagwani ba sai a miƙe, daidai wa daida, domin wanda ya yanka a karkace ana kiran sunansa a gaban jama'a. Ya daɗe yana riƙe da shi a buɗe. Sannan ya karkata hannu, ya yanka, ya bar kusurwar hagu da tsawo.

"Ubangiji ya gafarta wa Kaleb idonsa bai ga wannan ba," in ji shi.

Ya kunna, ya rufe ƙofar, ya murɗa har harshen wutar ya soma tofar da hayaƙi. Bai dubi agogo ba, gilashin yake kallo. Da ya busa ya kashe, ya hana kowa taɓawa har ya huce. Aka shiga ɗaki aka gwada. Launin ya zo kusa, amma ya yi duhu kaɗan. Kayan da ke kan mace ta ƙarshe sun ɓace. Emilia ta ce wannan ma ya fi duk nata, wataƙila babu wanda zai lura.

"Ni zan lura," in ji shi. "Iskar ruwan nan ta sa wuta ta yi ci. A goge."

Ya sake, wannan karon a cikin zaure inda babu iska, ya kashe da wuri kaɗan. Emilia ta mayar da fitilar cikin da'irar alli, ta haɗa batir, Tamar ta ja ƙofa. Su uku suka sunkuya a kan waya. Ramukan gidan sauro sun ɓace. Auduga ta koma hazo. Jan haske ya kwanta a kan kayan matan daidai inda ya kwanta jiya. Emilia ta riƙa sauya hoton jiya da na yanzu, jiya da yanzu, sai ta tsaya.

"Saura abu ɗaya. Dubi ƙasa, gaban Mama. Jiya akwai ɗan wuri mai haske a kan hanya, kamar tafin hannu. Nan ne zan tsayar da ita ta ɗaga kai. Yanzu babu."

Yafet ya gyara tsayuwa.

"Akwai shaidar yatsa a gilashin, ƙasa ta hagu. Na gan ta da safe, na ɗauka taki ce. Babban yatsa ne, mai faɗi, an danna an ɗan murza."

"Ni ban taɓa cikinsa ba," in ji Emilia. "Ta baki na riƙe."

Ruwa yana dukan kwano. Tamar ta soma gyara ɗankwalinta, wanda babu abin da ya same shi.

"Tamar," in ji Yafet.

"To, me? Ranar nan da ta ajiye shi ya huce, na ce bari in ji ko baƙin yana fita. Sau ɗaya tak na taɓa. Ku daina kallona kamar na saci baikon coci."

"Kawo yatsan."

Ya zare gilashin, ya riƙe shi ta baki, ya ɗaga shi zuwa hasken ƙofa. Ya kama hannun Tamar kamar mai koya wa yaro rubutu.

"Ƙasa. Ƙara ƙasa. Hagu kaɗan. In kika kuskure sai mun sake daga farko, saboda haka ki bar surutu."

"Da bakina nake dannawa?"

"Danna. Murza kaɗan. Ɗaga."

Aka mayar. A kan hanyar yumɓu, taku kaɗan gaban matar da ke ɗaure da zanen Miriyam, ɗan wuri ya yi haske. Emilia ta sauya hotunan sau biyar, sau shida, ta kasa gane wanne ne na jiya. Ta ɗauki tsinken tsintsiya, ta tura auduga gwargwadon ƙwayar shinkafa, ta gusa ƙafa, ta danna waya. Hoto na ɗari uku da sha ɗaya ke nan.

Alhamis da Juma'a Yafet ya ɗauko bencinsa ya ajiye a ƙofar ɗakin. Duk wanda ya zo gaisuwa, a can yake tarar da shi, Yafet ya amsa, ya sallame shi. Da safe yakan shiga ya tsaya a gaban fitilar, hannuwansa a baya, ya dube ta, ya fito. Tamar ta ce ta ga yatsunsa suna motsi a bayan, kamar suna neman ƙyalle. Ya ce idonta ne ya tsufa.

Da la'asar ɗin Juma'a Emilia ta kira su. Ta jera hotunan, ba murya, ba waƙa tukuna. Hazo ya motsa a hankali. Mata shida suka fito daga cikinsa, kaya a kai. Ta gabansu ta tako har cikin ɗan wurin nan mai haske, ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi mai fitila.

"A sake," in ji Yafet.

Aka sake. Tamar ta share hanci da bakin zane, ta ce ita ce ta uku a layi, kuma an yi mata ƙafafu gajeru, ba haka take ba a lokacin.

Emilia ta zare igiyar batir, ta ɗauko ƙyallensa ta miƙa masa.

"An gama, Baba. Fitilarka ce, ka goge."

Ya karɓi ƙyallen, ya dubi gilashin, ya ninke ƙyallen gida huɗu ya sa a aljihu.

"Gobe za ki sa murya. In kika sami hoto ɗaya da bai yi ba, da wane haske za ki sake shi? A tasha ba ma sauke fitila don kawai jirgi ya shigo, sai mun ga bayan taragon ƙarshe. Ta zauna a haka har jama'a su gani ranar Lahadi."

Ya fita, ya ja ƙofar, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun da ƙyallen yake.